Warin tsohuwar safa a cikin jirgi: yadda ƙanwata ta yi wata bakwai tana ciwon da aka kasa gane kansa

Wace ce ita, kuma wane aiki take yi

Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta ce in rubuta wannan labarin amma da sharaɗin ba sunanta ba sunan kamfanin da take wa aiki, to haka za a yi. Shekararta 29 lokacin da abin ya fara. Tun 2017 take aikin kula da fasinjoji a cikin jirgin sama, abin da 'yan unguwa ke ce wa hostes, jiragen cikin gida ne dai, Kano zuwa Abuja, Kano zuwa Legas, wata ranar ta tashi sau huɗu ta sauka sau huɗu kafin ta dawo gida. Tana zaune da Umma a gidanmu can wajen Kurna, ba wani nisa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Ba asma, ba hawan jini, duk gwajin lafiyar da aikinsu ya wajabta tana tsallakewa lafiya lau, kuma mutum ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, ita ce mai riƙe lambar wayar kowa a ka a gidanmu.

Nuwamba 2022: warin farko

Wata safiya ce ta farkon hunturu, jirgi na ƙasa fasinjoji na shiga, ita tana kicin ɗin baya tana jera kaya, sai ta ji wani wari ya taso ta ramukan iska. Da ta dawo da yamma ta ce min, Yaya kin san warin safar ɗan ƙwallo da aka jiƙa aka manta a jaka, to shi ne sak, amma da ɗan warin ƙonannen mai a ciki. Warin bai fi minti 10 ba ya ɗauke. Kafin su kai Abuja kanta ya fara sarawa ta goshi, ido na yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi, zuciya na tashi. Abokiyar aikinta ta ce ai wannan jirgin haka yake da safe, in an tashi yana wucewa. Ta sha farasitamol biyu ta ƙarasa aikin ranar.

A gida ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Lokacin hazo ne, rabin Kano na tari da mura, Umma ta dafa mata citta da kanumfari ta ce ta rufe ƙirji.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: maleriya da taifot

Ciwon kai ya zama na kusan kullum. Ta fara da kemis ɗin bakin layi, ya ba ta maganin maleriya na kwana uku, ba sauƙi. Ta je wani asibitin kuɗi aka ɗebi jini, gwajin maleriya bai nuna komai ba amma aka ce akwai taifot kaɗan, aka ɗora ta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10. Ta shanye tas, ba abin da ya canza sai ma cikinta da ya ɓaci. Bayan sati uku aka sake ba ta wani maganin maleriyar. Awon jininta a duk zuwan nan 110 bisa 70 ne, jiki ba zafi ko sau ɗaya, kuma a duk wuraren nan ba wanda ya tambaye ta aikin me take yi.

A Janairu ne abin ya fara ba ni tsoro, don ya wuce ciwon kai. Yatsunta suka fara yin kamar ana tsira mata allura, musamman na hannun dama. Sai mantuwa. Ta ce ta ƙirga fasinjoji sau uku a jirgi ɗaya tana samun lissafi daban-daban, sanarwar da ta shekara biyar tana yi da ka sai da ta koma duba takarda. Ranar da na je gida na same ta zaune a kan sallaya bayan la'asar tana hawaye shiru, ta ce Yaya wallahi ban san raka'a nawa na yi ba, sau biyu ina sakewa, ranar ban iya barci ba. Ga shi ta hana a faɗa wa kowa a wajen aiki, tsoronta kar a ce ba ta da lafiyar tashi a cire ta daga jadawali, don kaso mai tsoka na abin da take samu alawus ɗin tashi ne.

Fabrairu 2023: ruƙiya da hutun sati biyu

Da maganin asibiti ya ƙi, dangi suka shigo. Gwaggonmu ta ce mace tana yawo tsakanin sama da ƙasa ba dare ba rana ai dole ta haɗu da mutanen ɓoye, wata ta ce baki ne, har aka samu wanda ya yi maganar a kai ta Dawanau a duba ƙwaƙwalwarta. Aka kawo malami ya yi mata ruƙiya kwana bakwai, da zuma da habbatus sauda da man zaitun. An gwada hayaƙi sau ɗaya, tari ya sarƙe ta har sai da aka fito da ita tsakar gida, ba a sake ba.

Daidai lokacin ta ɗauki hutun sati biyu, lokacin nan na wahalar takardun kuɗi gab da zaɓe. Zuwa kwana na 10 ciwon kai ya ragu sosai, tana barci, tana cin abinci, tsirar yatsun ta koma jefi-jefi. Kowa ya yi hamdala aka ce an rabu da abin. Ta koma aiki farkon Maris, cikin kwana biyar ta sake jin warin, washegari komai ya dawo sabo.

Ƙarshen Maris 2023: ranar da hayaƙin ya fito fili

A makon farko na azumi ne, suna dawowa daga Legas da yamma. Jirgi ya fara gangarowa zai sauka Kano, sai warin ya turnuƙe fiye da kullum, wannan karon har da wani siririn hayaƙi shuɗi-shuɗi da ake gani a hasken fitilun sama. Fasinjoji suka fara tari suna toshe hanci da mayafi da hula. Ita ta yi amai a banɗakin baya, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, abokiyar aikinta ta zaunar da ita ta sa mata tukunyar oksijin ta hannu. Shugabar ma'aikatan ciki ta sanar da kyaftin, su ma a gaba sun ji, suka sa nasu abin rufe fuskar, aka sauka lafiya. Su uku cikin ma'aikatan ciki huɗu suka kwana da ciwon kai da jiri.

Ba a kai su asibiti a daren ba, aka ce kowa ya je ya sha ruwa ya huta, gajiyar azumi ce ta ƙara abin. Sai washegari da azahar na kai ta, kusan awa 20 bayan faruwar abin. Aka maƙala mata na'urar nan ta yatsa ta nuna 98, aka ce oksijin ɗinta lafiya lau. Daga baya ne muka san cewa na'urar yatsa ta yau da kullum ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareta, kuma ita gubar rabinta na fita daga jini cikin awa huɗu zuwa shida ko da iskar waje kawai mutum ke shaƙa, in an sa masa oksijin ma ta fi saurin fita. Ke nan ko da an yi gwajin da ya dace a lokacin da muka je, da wuya a ga wani abu.

Kamfani ya duba jirgin a daren, aka canza matatar iska, aka rubuta ba a ga matsala ba, ya koma aiki.

Afrilu 2023: bayanin Baba injiniya

Akwai wani dattijo aminin marigayi mahaifinmu, tsohon injiniyan jirgi ne da ya yi ritaya, ya zo gaida Umma ana saura kwana kaɗan sallah. Yana jin an ce warin safa ya ajiye carbinsa ya ce 'yata matso nan, a wane lokaci kike jin sa, ana ƙasa ne ko an tashi, ko ana gangarowa? Ta ce Baba yawanci da safe in an kunna ƙaramin injin baya, sai kuma in an fara saukowa. Ya girgiza kai ya ce baƙin mai kike shaƙa.

Ya karɓi biro ya zana mana a bayan kalanda. A can sama da ƙafa 30,000 iska ta yi sirantar da mutum ba zai rayu da ita ba, don haka yawancin jiragen fasinja daga cikin injin suke zuƙo iska, daga sashen da ke matse ta kafin ta isa inda ake ƙona mai. Tana fitowa da zafin da ya haura digiri 200, a sanyaya ta, a gauraya da iskar cikin jirgi da aka sake juyowa kusan rabi da rabi, a busa wa mutane. Matatar da ake ta yabo, wadda aka yi ta magana a kanta lokacin korona, iskar da aka juyo kawai take tacewa, kuma ƙura da ƙwayoyin cuta take kamawa, ba tururin sinadari ba. Wadda ta taso daga inji kai tsaye take shiga ba tacewa. In jirgi na ƙasa kuma, ƙaramin injin da ke wutsiya wanda suke ce wa APU shi ke ba da iskar ta irin wannan hanya.

Ya ce to kamar yadda oyil sil ɗin mota ke cinyewa ya fara yoyo, haka na injin jirgi, kuma nasa da ƙarfin iska yake riƙe mai, shi ya sa ya fi zubarwa lokacin da ƙarfin inji ke canzawa, wajen kunnawa da tashi da fara gangarowa. Wani lokacin ma ba lalacewa ba ce, cika man aka yi ya wuce ƙa'ida. Man ya haɗu da wannan zafin ya ƙone ya zama tururi, cikinsa har da kabon monoksaid da wasu sinadarai masu cin ido da huhu. Kuma a cikin man injin jirgi akwai wani sinadari da ake kira TCP, ɗan kaɗan ne, kashi 1 zuwa 3 cikin 100, ana sa shi don kar ƙarfe ya ci ƙarfe, amma danginsu ɗaya da gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper, masu taɓa jijiyoyi. Ya ja mana kunne cewa zama dangi ɗaya ba ya nufin ƙarfinsu ɗaya. Ya ƙara da cewa abin rufe hancin nan da ke faɗowa fasinja daga sama ba ya kare mutum daga hayaƙi, don yana gauraya oksijin da iskar cikin jirgin ne.

Shawararsa ɗaya ce, ta sayi ƙaramin littafi, duk tashi ta rubuta rana, lambar rajistar jirgin da ke jikin wutsiya, inda take tsaye, lokacin da warin ya zo, minti nawa ya yi, da abin da ta ji a jikinta. Ya ce injiniya ba ya aiki da ƙorafin baki, abin da aka rubuta yake bi.

Mayu zuwa Yuni 2023: littafin da likitan da ya yi tambaya

Cikin sati shida ta rubuta tashi 74. Wari ya zo sau 11, tara a jirgi ɗaya, wancan dai na ranar azumi, biyu kuma a wani daban kuma su sun fi kama da hayaƙin jirgin da ke gabansu a layin tashi. Cikin taran, shida ana ƙasa ne APU na aiki, uku wajen gangarowa. Duk ranar da ta rubuta ciwon kai mai tsanani sai ka ga ranar warin ce ko washegarinta.

Da littafin muka je wani babban asibitin gwamnati, muka samu wani likita da tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce, Malama aikin me kike yi? Ya zauna ya karanta littafin shafi-shafi. Ya sa aka yi mata gwajin hura iska na huhu, ya nuna hanyoyin iskarta sun ɗan matse kuma suna buɗewa in ta shaƙi magani, ya ba ta inhela. Gwajin jijiyoyin hannu bai nuna lalacewa ba. Gwajin sinadarin jinin da irin gubar fiya-fiya ke ragewa ya fito cikin ƙa'ida, amma ya ce wannan bai wanke komai ba tunda ba a san nawa nata yake ba kafin ta fara ciwo, kuma an yi shi a makare. Sai ya gano wani abin da mu ba mu lura ba, wata huɗu tana shan maganin ciwon kai kusan kullum, shi kansa yawan shan maganin yana haifar da wani ciwon kan. Ya ce ta daina, sati biyun farko za ta sha wuya, kuma ta sha ɗin.

Ya rubuta wasiƙa cewa alamominta sun dace da shaƙar tururi a wurin aiki, a ɗauke ta daga tashi na wata uku. Bai rubuta cewa ya tabbatar da guba ba, ya ce ba zai sa hannu a kan abin da gwaji bai nuna ba.

Ta kai wasiƙar da kwafin littafin ofishin kula da lafiyar tashi na kamfanin, ta cike takardar rahoto, abokan aikinta biyu na ranar azumi suka sa hannu bayan ta yi ta lallashi. Wani kyaftin da ta nuna wa ya rubuta warin a littafin matsalolin jirgin har sau biyu a sati ɗaya, da lokaci da komai. A nan ne aka tsayar da jirgin, aka buɗe bututun iskar da ke fitowa daga APU aka samu jiƙar mai a ciki. Aka cire APU ɗin aka sa wani, aka wanke bututun. Wannan a tsakiyar Yuni ne, wata bakwai daga warin farko.

Yuli zuwa Disamba 2023: aiki a ƙasa

Aka mayar da ita ofis. Kuɗin da ke shigo mata ya ragu da kusan rabi, a daidai lokacin da aka cire tallafin mai komai ya yi tashin gwauron zabi, wannan ma wani ciwon ne da ba ya cikin takardar likita. Amma jiki ya fara dawowa. Ciwon kai daga kusan kullum ya koma sau ɗaya ko biyu a sati cikin wata na farko, tari ya tafi a wata na biyu, tsirar yatsu ce ta fi daɗewa, sai wajen Oktoba ta daina maganarta. Mantuwar a hankali ta riƙa washewa, ranar da ta karanto min lambar wayar kawunmu na Gwammaja da ka ba ta ma lura ba, ni ce na tashi na shiga ɗaki don kar ta ga idona.

Ta koma tashi a Nuwamba da jadawali mai sauƙi, har a wancan jirgin, ba ta sake rubuta wari a kansa ba. A farkon 2024 da kanta ta nemi a mayar da ita sashen horar da sababbin ma'aikata, aka amince.

Abin da na fahimta

Da na bi diddigi na ga ba ita kaɗai ba ce kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1999 wasu masana, cikinsu da Chris Winder na Ostareliya da Jean-Christophe Balouet na Faransa, suka raɗa wa irin wannan tarin alamomi suna a Turance, wato aerotoxic syndrome. A 2000 majalisar dattawan Ostareliya ta yi bincike a kan iskar jirgi ƙirar BAe 146. Wata ma'aikaciyar jirgi a can, Joanne Turner, da ta shaƙi hayaƙi a 1992, sai a 2010 shari'arta ta ƙare da nasararta. A 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da jagora kan yadda za a horar da ma'aikata su gane irin wannan warin su kuma kai rahoto. Jirgin Boeing 787 kuwa ba ya ɗebo iskar fasinja daga inji kwata-kwata, na'urar lantarki ke matso ta daga waje.

Gaskiya kuma ita ce har yanzu ana jayayya. Ba mai musun cewa mai na shiga iskar jirgi wani lokaci kuma yana sa mutum ciwo a take, abin da ba a daidaita a kai ba shi ne ko yana barin lahani mai ɗorewa a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Binciken da hukumar jiragen sama ta Tarayyar Turai ta fitar a 2017 ya ce a tashi na yau da kullum iskar jirgi ba ta fi ta ofis ko gida gurɓata ba. Ni ma ba ni da takardar gwajin da zan ɗaga in ce ga guba a jinin ƙanwata. Abin da nake da shi shi ne ta samu sauƙi da ta yi hutu, ciwo ya dawo da ta koma, tara cikin 11 a jirgi ɗaya, an buɗe jirgin an samu mai a inda bai kamata ba, an gyara wari ya ɗauke, ni dai wannan ya gamsar da ni.

Maganin maleriya da na taifot bai yi ba don ba su ke damunta ba, an dai kama abin da aka saba gani ne. Addu'a ba mu daina ba kuma ba za mu daina ba, amma sauƙin Fabrairu ya zo ne daidai lokacin da ta bar shaƙar abin, mu kuma ba mu haɗa biyun ba, wannan ya ci mana wata guda. Canza matata bai yi ba don man ba ta nan yake bi ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne daren azumin nan, da an kai su ukun asibiti kai tsaye daga filin jirgi an ɗebi jini cikin awa biyu, wataƙila da muna da hujjar da har yau ba mu da ita. Kuma ina ganin laifin kaina ma, tun Janairu na san tana ɓoyewa saboda tsoron rasa alawus na biye mata na yi shiru. Littafin naira ɗari biyu da tambaya ɗaya ta likita su suka juya al'amarin, sai sa hannun abokan aikin nan biyu da kyaftin ɗin, don da ita kaɗai ce da an ce raki ne.

Ba ta dawo yadda take ɗari bisa ɗari ba. Warin fetur a gidan mai ko hayaƙin janaretan maƙwabta har yanzu yana tayar mata da ciwon kai, inhela na cikin jakarta duk inda za ta. A bikin 'yar kawunmu bara da aka kunna turaren wuta a ɗakin amarya, a ƙofar gida ta zauna a kan benci har aka gama, kuma a gidan Umma yanzu sai ta fita aiki ake sa garwashi a kasko.